Nau'o'in takardun kwamfuta: wanne ne kowa ke iya buɗewa?

Nau'in takarda shi ne tsarin da ake adana rubutu a cikin kwamfuta ko salula. Ana gane shi daga haruffan da ke ƙarshen sunan takardar, kamar txt, pdf, docx ko jpg. Shi ne ke yanke hukunci ko sanarwar da aka aiko daga Yamai za ta buɗe a ƙaramar wayar wani ɗan kasuwa a Filinge, ko kuma ta tsaya tana juyawa har megan mutum ya ƙare.

Masu harhaɗa babbar manhajar kwamfuta da hannunsu sun fi kowa sanin wannan matsala. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Finland, ya fitar da Linux kyauta, kuma a 1999 Gerard Beekmans ya wallafa Linux From Scratch, littafin da ke koya wa mutum gina manhajarsa tun daga tushe. Wanda ya kammala ginin ba ya samun komai sai baƙin allo da rubutu. Ba hoto, ba manhajar buɗe PDF, ba ta shiga intanet. To da me zai karanta bayanin yadda na'urarsa ke aiki? Da shafukan da ake kira man, waɗanda suka samo asali daga littafin jagorar Unix na 1971. Rubutu ne tsantsa, yana zaune cikin na'urar, ba ya jiran rezo. Fiye da shekara 50 ke nan ana amfani da shi, alhali manhajoji masu ado da yawa sun zo sun shuɗe.

Halin wannan baƙin allo bai yi nisa da na tsohuwar kwamfutar ofis ko ƙaramar waya a ƙauyukan Kurfai ba.

Tsantsar rubutu, wato txt, shi ne mafi sauƙi. Shafi guda bai wuce kilobait 3 ko 4 ba, kuma kowace na'ura na buɗe shi. Aibinsa shi ne ba ya ɗaukar hatimi ko sa hannu. HTML, tsarin shafukan intanet, yana kusa da shi, rubutun yana daidaita kansa da faɗin allo. Docx na kamfanin Microsoft na wanda zai gyara rubutu ne, kuma sai da manhajar da ta san shi.

PDF ne ya fi ruɗa mutane. Kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993 don takarda ta fito iri ɗaya a ko'ina, shi ya sa ma'aikatu ke son sa. Amma PDF iri biyu ne. Akwai wanda aka fitar kai tsaye daga kwamfuta, haruffansa na nan a ciki. Akwai kuma wanda aka buga a takarda, aka sa hatimi, sannan aka ɗauki hotonsa. A ido duk ɗaya ne. Ga makaho kuwa, na biyun da farar takarda ba su da maraba, domin manhajojin da ke karanta allo da murya, irin su TalkBack na wayoyin Android da NVDA da wasu makafi biyu ƴan Ostireliya suka samar kyauta, haruffa suke bi. Gwajin ba wuya: a danna kalma ɗaya a riƙe, in ta zaɓu to rubutu ne, in ba ta zaɓu ba hoto ne. Hoton sanarwa da ake yaɗawa a WhatsApp, wanda ya zama ruwan dare a wurinmu, shi ne mafi muni. Ya ninka rubutun nauyi sau gommai, ga shi dole a yi ta jan sa da yatsa.

Saƙon murya yana taimakon makaho da wanda bai yi lakkol ba, sai dai kurma ba shi da rabo a ciki, kuma ba a iya neman kalma a cikinsa.

Hausa na da tata matsalar ta daban: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. A 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa mai amfani da ƴ a inda Najeriya ke rubuta 'y. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga littattafai kan yi amfani da haruffa na musamman da ke cikin kwamfutarsu kaɗai, shi ya sa tsofaffin takardu ke fitowa da akwatuna ko alamar tambaya a wata na'ura. Maganin shi ne a adana rubutu a tsarin UTF-8. Batun ya ƙara nauyi tun da kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

Ko a saƙon SMS akwai tarko. Saƙo ɗaya na ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ƙ ko ɗ guda ta shiga, sai ya koma 70, kuɗin ya ƙaru. Mutane da yawa sun zaɓi k da d, ko da ƙafa za ta koma kafa.

Ga sakataren ofishin magajin gari ko malamin makaranta da zai fitar da sanarwa, hanyar da ta fi ita ce ya aika PDF mai hatimi don shaida, sannan ya kwafe kalmomin ya liƙa su a cikin saƙon kansa.