Gasar da ba a taɓa bugawa ba

A teburan mai shayi na Funtuwa da gidajen kallon ƙwallo na Malumfashi akwai musun da ba ya tsufa: cikin tawagogin da Najeriya ta taɓa fitarwa, wacce ce gagarabadau? Sunaye huɗu ake jerawa. Green Eagles ta 1980 da ta fara ɗauko kofin Afirka, Super Eagles ta 1994, matasan da suka ci zinare a wasannin Olamfik na 1996, sai tawagar Stephen Keshi ta 2013. Kowa yakan tsaya ne kan wadda ya sani da ƙuruciyarsa. Dattijon da ya ji wasan ƙarshe na 1980 a rediyo ba ya yarda an sake yin kamar Segun Odegbami, shi kuwa wanda ya buɗe ido a zamanin janareta da tauraron ɗan'adam ya fi gaskata abin da ya gani a 2013. Tawagogi huɗu sun isa a shirya musu gasa: wasanni biyu na kusa da na ƙarshe, sannan na ƙarshe.

Amurkawa sun daɗe da irin wannan wasa da tunani, musamman a besbol, wasansu na dukan ƙwallo da sanda, inda ake rubuta kowane bugu tun ƙarni na 19. Har gobe tawagar New York Yankees ta 1927, wadda ta ci wasa 110 a kakar da Babe Ruth ya kafa tarihi, ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. A damben zamani ma an taɓa ɗora wa kwamfuta wannan alƙalanci. An zuba mata bayanan Muhammad Ali da na Rocky Marciano, aka shirya fim da ya fito a Janairun 1970. A wanda aka nuna a Amurka, Marciano ne ya kayar da Ali a turmi na 13. A wanda aka kai Turai, Ali ne ya yi nasara. Wanda ya tsara sharuɗɗan karawar shi ya zaɓi gwani tun kafin a fara.

Ƙwallon ƙafa ba ta tsira daga wannan ba. A 1980 ɗan baya yana iya mayar wa mai tsaron gida ƙwallo da ƙafa ya cafke da hannu. An hana hakan a 1992. Canji biyu kacal ake yi a lokacin, sai a 1995 ya zama uku. Ƙwallon da Nwankwo Kanu ya fitar da Burazil da ita a 1996 ta zo ne a ƙarƙashin dokar da ke tashin wasa da zarar an ci a ƙarin lokaci, dokar da aka soke a 2004. Adalcin da ya fi kusa shi ne a buga kowane wasa da dokokin tawagar da ta girme, tunda ƙarami ya fi sauƙin koyon abin da ya wuce.

Wasan farko: 1980 da 1994. Tawagar da Otto Glória ɗan Burazil ya horar ta buga wasa biyar a gida, ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarta, a wasan farko da Tanzaniya. Ranar 22 ga Maris 1980 ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a Legas, Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Shugaba Shehu Shagari ya ba 'yan wasan gidaje a Festac da motoci ƙirar Peugeot. Mutanen karkarar Funtuwa ba su ga Odegbami da ido ba, sun ji shi ne, kuma mai sharhin rediyo Ernest Okonkwo ya iya zuzuta gwani har ya fi ƙarfin gaskiya. Shi ya laƙaba wa Odegbami kirarin mai lissafi, ya naɗa kyaftin Christian Chukwu ciyaman. Amma ƙasashe takwas ne kawai a gasar, kuma wannan tawaga ba ta kai ga gasar cin kofin duniya ba. Aljeriyar da ta doke ce ta tare mata hanyar zuwa ta 1982.

Ta 1994 kuwa a waje ta ci nata kofin. Rashidi Yekini ya zura biyar a gasar Tunisiya, Emmanuel Amunike ya ci biyun da aka doke Zambiya 2 da 1 ranar 10 ga Afrilu, a watan da FIFA ta sa Najeriya ta biyar a duniya. Da damina ta kankama, manoman yankin suna tsakiyar noman masara da auduga, sai ga ta a Amurka tana cin Bulgeriya 3 da nema, Bulgeriyar da daga baya ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Saura minti biyu ta fitar da Italiya Roberto Baggio ya farke, ya ƙara ta fenariti a ƙarin lokaci. Chukwu zai iya tsare Yekini na rabin sa'a. Ba zai iya haɗa shi da Daniel Amokachi da Finidi George da Amunike na minti casa'in ba. Ta 1994 ta wuce.

Wasa na biyu ya fi yadda ake zato tsauri. Tawagar 2013 ba ta da ƙyalƙyali: ta fara da kunnen doki biyu, da ƙyar ta fita rukuni. Sai dai ta doke Kodebuwa ta Didier Drogba da Yaya Touré 2 da 1, ta ragargaji Mali 4 da 1, Ahmed Musa ya ci ta huɗu, sannan Sunday Mba ya ci Burkina Faso a wasan ƙarshe ranar 10 ga Fabrairu. Tana da Vincent Enyeama a raga da Mikel Obi a tsakiya, kuma manya ne, alhali gasar Olamfik ta 'yan ƙasa da shekara 23 ce, in ban da mutum uku da ake yarje wa kowace ƙasa. Duk da haka, tawagar da Burazil ta yi wa 3 da 1 ta farfaɗo ta ci 4 da 3, ta kuma biyo Ajantina daga baya har sau biyu ta doke ta 3 da 2, ba a yanke mata ƙauna. Ta 1996 ta wuce, wataƙila da ƙwallo ɗaya.

A nan gasar ke cijewa. Wasan ƙarshe tsakanin 1994 da 1996 ba ya buguwa, domin Jay-Jay Okocha da Sunday Oliseh da Amokachi da Amunike da Uche Okechukwu da Victor Ikpeba duk suna ɓangarorin biyu. Keshi ma kyaftin ne a 1994, koci a 2013. Da zarar an fara rabon mutane, sai a ga tawagogin ba baƙin juna ba ne. Zango huɗu ne na tafiya ɗaya, kuma tafiyar ta barin gida ce.

Kusan duk 'yan wasan 1980 a cikin ƙasa suke taka leda, a Rangers ta Inugu da IICC ta Ibadan da Bendel Insurance da makamantansu. Yawancin kulob-kulob na wancan zamani na kamfanoni ne da hukumomin gwamnati, ɗan wasa ma'aikaci ne mai albashi. Wannan ya shafi yankin Funtuwa kai tsaye. Har zuwa 23 ga Satumba 1987 Funtuwa da Malumfashi cikin Jihar Kaduna suke, kuma audugar da ake gurzawa a yankin tana cikin wadda ke ciyar da masaƙun Kaduna. Ɗaya daga cikinsu, UNTL, tana da kulob, kuma a nan Yekini, haifaffen Kaduna, ya fara wasa kafin ya tafi Ibadan. Ba ƙari ba ne a ce da gumin manomin auduga a takalmin farko na mutumin da ya ci wa Najeriya ƙwallo 37. Amokachi ya fito daga Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988. Celestine Babayaro da Tijjani Babangida da Garba Lawal na tawagar 1996 duk 'yan Kaduna ne.

Sai tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, kamfanoni suka fara sakin kulob-kulob. A shekarar ce Keshi, wanda ya riga ya ƙetara Abidjan, ya isa Beljiyam, ya zama jagoran masu biyo baya. Zuwa 1994 kusan duk tawagar a Turai take. Ƙarfinta ya zo ne daga haɗuwar abu biyu: gida ya rene su lokacin gasar cikin gida tana da rai, Turai ta goge su. Wannan haɗuwa ba ta daɗe ba, domin ɓangarenta na farko ya bushe. UNTL ta rufe a 2007. Da Keshi ya ɗauki 'yan wasan gida shida zuwa gasar 2013, ciki har da Mba da Gabriel Reuben na Kano Pillars, sai aka ɗauke shi a matsayin kasada, abin da a 1980 shi ne al'ada.

In dai dole a buga wasan ƙarshen, hanya ɗaya ita ce a zaunar da mutum shidan a benci. Ta 1994 za ta rage da Peter Rufai a raga, Keshi da Augustine Eguavoen da Ben Iroha a baya, Mutiu Adepoju da Finidi da Samson Siasia, sai Yekini a gaba. Ta 1996 za ta rage da Dosu Joseph, Taribo West, Babayaro, Lawal, Babangida da Kanu. Gudu na wajen matasa, amma raga da bakin gaba na wajen manya, kuma a wasan kifa ɗaya kwala waɗannan wurare biyu ne ke yanke hukunci. Ta 1994 ce za ta ɗauki kofin, 2 da 1.

Akwai wasan da ya kamata a yi da gaske wanda zai rage wannan musu. A Janairun 1996 Najeriya ce mai riƙe da kofin Afirka, kuma rukunonin biyu suna kan ganiyarsu a tawaga guda, Yekini da Kanu tare. Bayan rataye Ken Saro-Wiwa a Nuwamban 1995 da cacar bakin da ta biyo baya da Nelson Mandela, gwamnatin Janar Sani Abacha ta hana tawagar zuwa gasar a Afirka ta Kudu. Hukumar CAF ta haramta wa Najeriya ta 1998. Lokacin da ta dawo a 2000, Yekini ya riga ya bar tawagar, kuma Kamaru ta ɗauke kofin a Legas da bugun fenariti.