Takardar Likitan Unguwa: Tarihin Wata Ƙofa a Tsarin Lafiyar Ostareliya

Duk mutumin Ostareliya da damuwa ko fargaba ta hana shi sakat, kuma yake son gwamnati ta ɗauke masa wani kaso na kuɗin ganin masanin halayyar ɗan Adam, dole ne ya fara biyawa ta wurin likitan unguwa. Likitan zai zauna da shi, ya tambaye shi barcinsa da cin abincinsa da yanayin aikinsa, sau da yawa ya ba shi wasu tambayoyi goma da ake kira K10 domin auna nauyin abin da ya ji a ransa cikin makonni huɗun da suka wuce. Daga nan sai ya rubuta tsarin jinya, ya haɗa da takardar da ke tura shi wurin ƙwararre. Da wannan takarda ce Medicare, wato asusun lafiya na ƙasa, ke mayar wa mara lafiya wani ɓangare na abin da ya biya, har zama goma a shekara: shida da farko, sai ya koma wurin likita a duba inda aka kwana, sannan a ƙara masa huɗu.

A yau ana iya yin wannan zama na farko ta bidiyo, mutum yana ɗakinsa. Amma kafin a kai nan an sha ja-in-ja na kusan shekara ashirin, kuma mafi yawan gardamar a kan tambaya guda take: wane ne ya cancanci riƙe mabuɗin wannan ƙofa?

Ganin likita daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar. Ostareliya nahiya ce guda, mutanenta sun taru a bakin teku, tsakiyarta kuwa fili ne fetal inda makiyayi zai yi tafiyar yini bai ga maƙwabci ba. A 1928 wani malamin coci, John Flynn, ya kafa hidimar likitoci masu zuwa da jirgin sama daga garin Cloncurry na jihar Queensland. Shekara guda bayan haka injiniya Alfred Traeger ya samar da rediyon da ake ba wuta ta hanyar taka feda kamar ta keke, don mutanen ƙauye su iya kiran likita. A shekarun 1940 aka rarraba akwatunan magani masu lambobi a gidajen gona, likita ya saurari bayanin ciwo ta rediyo ya ce a ɗauki lamba kaza. Wannan duk na karaya ne da zazzaɓi da haihuwa. Ciwon da ke cikin rai ya daɗe bai samu irin wannan gata ba.

Da aka kafa Medicare a watan Fabrairun 1984, a zamanin gwamnatin Bob Hawke, an gina ta ne a kan likitoci. Tana biyan likitan unguwa, tana biyan likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani idan an tura mutum wurinsa. Masanin halayyar ɗan Adam, wanda jinyarsa ta zama ce da magana, ya tsaya a waje. Mai buƙatarsa ya biya daga aljihunsa ko ya bi dogon layi a asibitin jiha. A wannan zamanin ne kuma jihohi ke rufe manyan gidajen da ake killace masu taɓin hankali, da alkawarin za a kula da su a cikin jama'a. An rufe gidajen, alkawarin ya yi nawa. Binciken da Brian Burdekin ya jagoranta a ƙarƙashin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, wanda ya fito a 1993, ya nuna yadda mutane da yawa suka ƙare a titi ko a kurkuku. Shekara goma sha biyu bayan haka wani rahoton, na majalisar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar, ya tarar da cewa tsugunne ba ta ƙare ba.

Matsin lambar ya haifar da shirin Better Access, wanda ya fara aiki a watan Nuwamban 2006, lokacin John Howard yana firaminista, Tony Abbott yana ministan lafiya. Ma'anar sunan ita ce sauƙaƙa hanyar samun kulawa. A karon farko aka buɗe wa masana halayyar ɗan Adam asusun Medicare sosai, tare da wasu ma'aikatan jin daɗin jama'a da suka samu horo a fannin. Aka ba kowane mara lafiya zama goma sha biyu a shekara, da ƙarin shida idan hali ya tsananta. Sharaɗin shi ne takardar likita.

Dalilin wannan sharaɗi ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya. Hujjar lafiya ita ce: kasala da rashin barci da faɗuwar gaba ba kullum daga rai suke fitowa ba. Ciwon maƙoƙo na iya kawo su, ƙarancin jini na iya kawo su, haka nan wani maganin da mutum ke sha. Likitan da ya san jikin mutum da tarihinsa shi ya fi dacewa ya tantance, kuma shi ne zai ci gaba da bibiya bayan ƙwararren ya gama nasa, domin doka ta wajabta wa ƙwararren ya rubuto masa rahoto. Hujja ta biyu, wadda ba a cika faɗa da ƙarfi ba, ta baitulmali ce. Medicare tana biya ne a kan kowane zama, ba ta da rufi a shekara. Idan babu mai tsaron ƙofa, babu wanda zai iya cewa ga inda kuɗin zai tsaya.

Ko da mai tsaron ma, kuɗin bai tsaya inda aka zata ba. Jama'a suka yi tururuwa, abin da aka kashe ya zarce kiyasin farko nesa ba kusa ba. A kasafin 2011 gwamnatin Julia Gillard ta rage zaman zuwa goma, ta kuma rage abin da ake biyan likitoci don rubuta tsarin jinyar. Tun a lokacin masu suka, irin su Farfesa Ian Hickie na Jami'ar Sydney, suke cewa tsarin biya a kan kowane zama yana bin inda ƙwararru suka kafa ofisoshinsu ne, su kuwa sun fi yawa a unguwannin masu hali na manyan birane. Manomin da fari ya cinye garkensa yana iya samun takarda a hannu, amma babu wanda zai kai wa a kusa.

Sai a watan Nuwamban 2017 aka yarda mazauna karkara su ga masanin halayyar ɗan Adam ta bidiyo a ƙarƙashin shirin, shi ma da taka-tsantsan. Dole ne tsakaninsu da shi ya kai aƙalla kilomita 15 ta hanyar mota, zama bakwai kawai cikin goma za a yi ta allo, kuma ɗaya daga cikin huɗun farko ya kasance ido da ido. A shekarar da ta biyo aka janye sharaɗin haɗuwa ido da ido, bayan an fahimci cewa wanda ke nesa da gari nisan da ya sa aka yi masa rangwame, tafiya ɗaya ma nauyi ce.

Annobar korona ta rushe sauran shingen cikin makonni. A ranar 13 ga Maris 2020 aka ƙirƙiro hanyoyin biyan ganin likita ta waya da bidiyo na wucin gadi, kafin ƙarshen watan aka buɗe su ga kowa. Abin da aka shekara da shekaru ana tauna shi, ministan lafiya Greg Hunt ya zartar a ƙasa da wata guda. Nan take kamfanonin likitocin intanet suka bunƙasa, mutum ya latsa waya ya samu likitan da bai taɓa gani ba kuma ba zai sake gani ba. Ƙungiyoyin likitocin unguwa suka koka, a watan Yulin 2020 gwamnati ta kafa ƙa'idar cewa Medicare za ta biya ne kawai idan likitan, ko asibitinsa, ya ga mara lafiyar ido da ido cikin watanni goma sha biyu da suka gabata. An keɓe wasu, kamar jarirai da marasa matsuguni, daga baya kuma aka sassauta wa masu neman kulawar ƙwaƙwalwa. Sassaucin yana da ma'ana. Matashin da bai taɓa zuwa asibiti ba, ko mutumin ƙaramin gari da likitan garin abokin mahaifinsa ne, ya fi iya buɗe cikinsa ga baƙon da ke bayan allo.

A watan Oktoban 2020 aka ninka zaman zuwa ashirin ga kowa saboda ƙuncin kulle. Daga farkon 2022 ganin likita daga nesa ya zama dindindin a Medicare. Ƙarin zaman kuwa bai yi tsawon rai ba. Gwamnati ta sa masana na Jami'ar Melbourne su auna shirin, rahotonsu ya fito a Disamban 2022. Sun gano cewa a 2021 mutum ɗaya cikin kowane goma a ƙasar ya amfana da shirin ta wata fuska, an kashe kimanin dala biliyan 1.2 ta Ostareliya, kuma yawancin waɗanda suka samu jinya sun ji sauƙi. Amma sun kuma gano cewa masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka fi kowa fama da damuwa, su ne suka fi ƙarancin samu, kuma gibin yana ƙara faɗi. Minista Mark Butler ya dogara da wannan ya mayar da zaman goma daga Janairun 2023, yana cewa ƙarin ya cike wa ƙwararru lokaci da tsofaffin marasa lafiya har sababbi sun rasa gurbi. Masu adawa da matakin suka nuna masa cewa rahoton da kansa ya ba da shawarar a bar ƙarin ga masu matsananciyar buƙata. Kowane ɓangare ya samu abin kamawa a shafukan rahoto guda.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗin cike gibi. A 2025, abin da Medicare ke mayarwa a kan zaman minti hamsin da masanin halayyar ɗan Adam na gama-gari bai kai dala 100 ba. Na mai ƙarin ƙwarewar asibiti ya ɗan haura dala 140. Farashin da ƙungiyar masanan ke ba mambobinta shawara ya wuce dala 300, ko da yake da yawa suna karɓar ƙasa da haka. Ragowar daga aljihun mara lafiya take fita. Bidiyo ya gajarta kilomita, bai rage ko sisi daga wannan lissafi ba, kuma wanda intanet ɗinsa ke yankewa a tsakar magana, ko wanda ba shi da ɗakin da zai rufe ƙofa ya yi kuka ba a ji shi ba, bai ci moriyar allon kamar na birni ba.

Sauyi na baya-bayan nan ya komo kan takardar kanta. A 2023 aka buɗe MyMedicare, rajistar da mutum ke yi da son ransa don bayyana asibitin unguwar da ya ɗauka a matsayin nasa. Daga 1 ga Nuwamban 2025, tsarin jinyar ƙwaƙwalwa da takardar turawa dole su fito daga asibitin da mutum ya yi rajista da shi, ko daga likitan da ya saba gani, ko ta bidiyo aka yi zaman ko a ofis. Wanda ke da likitan da ya san shi tun yana yaro bai ji wani bambanci ba, yana iya kammala komai daga kan kujerarsa. Ɗalibin da ya baro garinsu, da ma'aikacin ma'adinai mai kai-komo tsakanin jihohi, da mazaunin garin da likitocinsa na haya ne masu zuwa su tafi, su ne suka koma neman wanda za su kira likitansu kafin su nemi takarda.