Black Robe: Fim Ɗin Kanada Da Daraktansa Ya Biyo Ta Arewa

A 1990 aka saki Mister Johnson, fim ɗin da Bruce Beresford, ɗan Ostareliya, ya ɗauka a arewacin Najeriya daga littafin Joyce Cary, wani tsohon jami'in mulkin mallaka a Borgu. Marigayi Hubert Ogunde ya fito a ciki, Maynard Eziashi kuma ya ci kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin Berlin na 1991. Ƙasa tamu ce, fuskoki da yawa namu ne, amma jarin daga waje ya zo, can kuma fim ɗin ya koma.

Daga nan Beresford ya zarce cikin sanyin Kwibek ta Kanada ya shirya Black Robe, wanda ya fito a 1991. Shi ne fim na farko da Kanada da Ostareliya suka yi a hukumance bisa yarjejeniyar haɗin gwiwa. Kowace ƙasa ta zuba kuɗi da ma'aikata, kowace ta ɗauke shi nata, ya cancanci tallafin gida a ɓangarorin biyu.

Brian Moore ne ya rubuta labarin daga littafinsa na 1985. A 1634 wani limamin Katolika, Fada Laforgue, wanda Lothaire Bluteau ya fito a matsayinsa, ya shiga kwalekwale da 'yan rakiya daga ƙabilar Algonkwin zuwa ƙasar Huron domin wa'azi. Baƙar rigarsa ce ta jawo masa laƙabin Black Robe. Abin da ya fi burge ni, an bar 'yan ƙasa suna magana da harsunan gargajiya irin su Kiri da Mohok, ba a cusa musu Turanci ba. Fim ɗin ya lashe kyaututtukan Genie 6, har da na gwarzon fim. Duk da haka wasu 'yan asalin ƙasar sun koka cewa an nuna kakanninsu da rashin imani fiye da kima, kuma kukansu abin saurare ne.

A nan gida kuwa, matashin da ke Dukawuya a Kano ya taso ya tarar da masana'antar fim a garinsa tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990. Masu kallonta sun cika Maraɗi da Damagaram a Nijar. Ina kira ga furodusoshin Kano da hukumomin fim na Najeriya da Nijar su zauna su rubuta irin yarjejeniyar Kanada da Ostareliya, domin labarin ƙasar Hausa ya zama mallakar masu shi.