Tarihin zaɓen depite: ina ƙuri'ar Damargu take zuwa?

Ya kai mai karatu, ko kana Tanut, ko Balbeji, ko kana ruga kusa da rijiya, ka sha jin ana cewa "depitenmu". Depite shi ne wakilin jama'a a majalisar dokoki ta Yamai. Kafin a rushe majalisar a 2023, su ne suke yin doka, su ne suke duba yadda gwamnati za ta kashe kuɗin haraji. Zo mu bi sawun wannan zaɓe tun daga farkonsa.

A zamanin Nasara, ba kowa ke jefa ƙuri'a ba. A 1946, da aka zaɓi Jori Hamani ya tafi majalisar Faransa, masu zaɓe ƴan kaɗan ne: sarakuna, ma'aikata, tsofaffin soja da ire-irensu. A 1951 aka ƙara masu gida da ke biyan haraji, da mata masu ƴaƴa biyu. Sai a 1956 doka ta ce kowane baligi, mace da namiji, yana da ƙuri'a ɗaya.

A watan Maris na 1957 aka zaɓi majalisar ƙasa mai kujera 60. Jam'iyyar Jibo Bakari, wadda aka sani da Sawaba, ta sami 41. Jam'iyyar Jori, wato RDA, ta sami 19. Yawancin mutane ba su iya karatu ba a lokacin, sai su duba alama. Raƙumi na Sawaba ne, giwa ta RDA ce. Tambayi tsofaffin garinku, wasu suna tune.

Abin bai daɗe ba. A Satumba na 1958 Faransa ta yi tambaya: ku zauna tare da ita, ko ku fita? Jibo ya ce a fita, amma "i" ta rinjaya. A Disamba aka sake zaɓen majalisa. Sawaba ta ci kujera 11, aka kuwa soke sakamakon Tasawa da na Damagaram, inda take da ƙarfi. A 1959 aka hana jam'iyyar baki ɗaya.

Daga nan zaɓe ya zama na jam'iyya guda. A 1965 da 1970, jerin sunaye ɗaya ne, mutum 50, an riga an rubuto shi daga Yamai. Kai dai ka saka takarda cikin akwati ka koma gona. Ranar 15 ga Afrilu 1974, ana cikin babban farin da ya cinye dabbobin Damargu, Saini Kunce ya yi juyin mulki, ya rufe majalisa. Shekara 15 ƙasar nan ba ta da depite. A Disamba na 1989, zamanin Ali Shaibu, aka sake buɗe ta da kujera 93, amma dukansu na MNSD ne.

To, yanzu ka kasa kunne, ga inda maganar ta shafe ka.

Bayan babban taron ƙasa na 1991, an yi zaɓe mai jam'iyyu da yawa ranar 14 ga Fabrairu 1993. Kujera 83 ce. MNSD ta sami 29, CDS ta Mahaman Usman, ɗan Damagaram, ta sami 22. Amma yaya aka raba ƙasa? Ba a ce kowace gunduma ta zaɓi nata mutum ba. An ɗauki jiha sukutum a matsayin mazaɓa ɗaya. Ƙuri'ar Tanut sai ta gauraya da ta Mirya, da ta Magarya, da ta Matamai, da ta Gure, da ta birnin Damagaram.

A wancan tsari, wanda ya tsaya a 2023, kowace jam'iyya tana kawo jerin sunayenta na jiha, kai kuma jam'iyya kake zaɓa. Ga misali. A ce jiha tana da kujera 10. Jam'iyyar da ta sami rabin ƙuri'u za ta ɗauki kamar kujera 5. Wannan raba-daidai ne, yana hana mai ƙarfi ya kwashe kome. Sai dai akwai ƙaya a ciki. Shugabannin jam'iyya ne suke tsara jerin. Kudancin jiha ya fi arewa jama'a nesa ba kusa ba, jam'iyya kuwa tana bin inda ƙuri'a take da yawa. Ɗan Damargu yakan shiga majalisa in jam'iyyarsa ta ba shi wuri mai kyau, amma doka ba ta ajiye wa Tanut kujera ba. Balbeji ma, da ta zama gunduma a 2011, haka ne.

Maƙwabtanmu na Taskar dabam ne. Tun 1993 an ware mazaɓu 8 na musamman, kowace da depite ɗaya, don kada muryar ƙananan ƙabilu ta ɓace. Taskar tana ciki, haka Bilma, Ngurti, Tasara, Barmo da Bankilare. A can, kafin 2023, wanda ya fi ƙuri'a shi ya ci, kowa ya san ƙofar da zai buga in rijiya ta rushe. A ganina wannan ba ƙaramar riba ba ce ga makiyayi.

Kujeru sun yi ta ƙaruwa: 113 a 2004, sannan 171 a 2016, har da 5 na ƴan ƙasa mazauna waje. Mata kuma, dokar shekarar 2000 ta ba su aƙalla kashi 10 cikin 100, a 2019 aka kai shi kashi 25.

Zaɓen depite na baya-bayan nan shi ne na 27 ga Disamba 2020. Wannan majalisa ba ta cika shekarunta biyar ba. Soja sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023, suka rushe ta, a Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa.