Waƙar da ta biyo ayarin goro

Mu Hausawan Zangon Tamale mukan ɗauka rubutacciyar waƙa kayan Sakkwato ne da Kano, namu sauraro kawai. Alhali ɗaya daga cikin manyan mawaƙan Hausa a ƙasar nan ya yi zamaninsa. Shi ne Alhaji Umaru, haifaffen Kano a wajajen 1858, wanda ya biyo hanyar fataken goro ya sauka Salaga a 1892, shekarar da yaƙin basasa ya watsa garin. Daga baya ya koma Kete-Krachi ya yi limanci, a can ya rasu a 1934.

Sigar da ya zo da ita gado ce: ƙasidar Larabawa, wadda malaman jihadi suka ɗora Hausa a kanta. Ana buɗewa da sunan Allah da salati, a rufe da godiya, wani lokaci har da ramzi, wato shekarar waƙar a ɓoye cikin haruffa. Baiti mai ɗango biyu shi ne ƙwar-biyu. In wani ya ɗauki ƙwar-biyun magabaci ya ƙara ɗango uku a kowane baiti, ya yi tahamisi ke nan, kamar yadda Isa ɗan Shehu ya yi wa Tabbat Haƙiƙa. Kari kuwa ya zauna wa Hausa daram, domin harshenmu, kamar Larabci, yana rarrabe gaɓa mai nauyi da marar nauyi.

A ganinmu, amfanin waɗannan ƙa'idoji ya wuce ado. Waƙar da za ta yi wata da watanni cikin kayan ayari, daga hannun wannan mai kwafa zuwa wancan, tana buƙatar mai gadi. In kalma ta faɗi, kari ya gurgunce, kunne zai ji. In baiti ya sauka a kan wani amsa-amo dabam, an san baƙon hannu ya shiga.

Abin da ya bambanta Umaru shi ne ya ɗauki ƙoƙon wa'azi ya zuba masa al'amuran duniya. A Waƙar Nasara ya ba da labarin zuwan Turawa. A Waƙar Talauci da Wadata ya jera matalauci da mawadaci kafaɗa da kafaɗa, ya nuna yadda jama'a ke wulaƙanta wannan su rusuna wa wancan.

Kwafin ayyukansa da dama na ajiye a Jami'ar Ghana da ke Legon tun shekarun 1960. Na Hausa da ajami aka rubuta su, haruffan da 'ya'yanmu ke haɗa baƙinsu a makarantar allo, amma kaɗan ne suka saba karanta Hausa da su.