Binciken Dukiyar Gwamnoni a Zamanin Janar Murtala

Tambayar mai mulki inda ya samo dukiyarsa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa Halifa Umar ɗan Haɗɗabi yakan rubuta abin da mutum ya mallaka ranar da ya naɗa shi gwamna. Idan daga baya ya ga dukiyar ta zarce misali, sai ya raba ta biyu, ya mayar da rabi baitulmali. A tarihin Nijeriya kuwa, an yi wa wannan ƙa'ida babban gwaji a shekarar 1975.

Tun a 1974 mutane suka fara gunaguni a kan gwamnonin jihohi 12 da Janar Yakubu Gowon ya naɗa. A wannan shekara ce Aper Aku ya yi rantsuwa a kotu yana zargin Gwamnan Binuwai-Filato, Joseph Gomwalk, da almundahana. Gowon ya wanke gwamnan nasa, aka tsare mai ƙorafin. Wannan ya ƙara zubar da mutuncin gwamnatin a idon jama'a.

Da aka hamɓarar da Gowon ranar 29 ga Yuli, 1975, sai Murtala Ramat Muhammad ya sauke gwamnonin gaba ɗaya, ya kafa kwamitin binciken kadarorinsu. Hanyar aikin ba ta da wuyar fahimta. Ana lissafa albashi da alawus da bashin da mutum ya ci, a ajiye gefe guda. A lissafa gidaje da filaye da gonaki da hannun jari, a ajiye ɗaya gefen. Abin da ya yi rara, mai shi ne zai faɗi asalinsa. Hikimar abin ita ce, cin hanci a ɓoye ake yinsa, mai bayarwa ba ya kawo ƙara, amma bene ba ya ɓuya.

A farkon 1976 aka bayyana sakamako. Mutum biyu kaɗai aka wanke, wato Mobolaji Johnson na Legas da Oluwole Rotimi na Jihar Yamma. Sauran goman an same su da laifi, aka ƙwace wasu kadarorinsu. A cikinsu har da marigayi Alhaji Audu Bako na Kano, mutumin da Kanawa ba sa raba sunansa da madatsun ruwan Tiga da Bagauda. Dattawa da yawa har gobe ba su yarda an yi masa adalci ba.

To, a nan ne raunin aikin yake. Kwamiti ba kotu ba ne, kuma da dokar soja aka ƙwace kayan, ba da hukuncin alƙali ba. Aka kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976. A 1993 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fito da wata dokar sojan, ta mayar wa mutane da yawa kadarorin da aka ƙwace musu. Wanda aka zalunta da wanda ya ci amana duk suka karɓi nasu tare, ba tare da an tantance ba.

Duk da haka ƙa'idar ta shiga doka. Tsarin mulkin 1979 ya tanadi Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, na 1999 kuma ya wajabta wa mai riƙe da muƙami ya bayyana kadarorinsa lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin sauka. Duk dukiyar da ta ƙaru, wadda albashi ko kyauta ko bashi halattacce ba su isa su kawo ta ba, ana ɗaukarta ta haram har sai mai ita ya kawo hujja. Kotun wannan hukuma ce ta sami Alƙalin Alƙalai na Ƙasa, Walter Onnoghen, da laifin ƙin bayyana wasu asusun ajiyarsa na banki a 2019.