Sankarar Jinin Shanu: Gwajin AGID da na ELISA

Sankarar jinin shanu cuta ce da ƙwayar bairas ke haddasawa, kuma ba ta da magani. Yawancin shanun da suka kamu ba sa nuna alama. Ƙasa da 5 cikin 100 ne ke fitar da ƙari. Tana yaɗuwa ta jini, shi ya sa muke jan hankalin makiyayan Birnin Gwari da gefen dajin Kamuku kan yi wa garke duka allura da tsinke ɗaya.

Gwaje-gwajen nan biyu garkuwar da jiki ya samar suke nema, ba ƙwayar kanta ba. AGID shi ne tsoho. Yana da arha, ana karanta shi da ido bayan kwana 1 zuwa 2, amma yakan tsallake saniyar da garkuwarta ta ragu, musamman dab da haihuwa. ELISA ya fi shi kaifi, har da madara ana yin sa, sai dai yana buƙatar na'ura. Shi muka fi amincewa da shi a babban garke.

Maraƙin da bai kai wata 6 ba yakan ɗauko garkuwar uwarsa daga dakashi, don haka a jinkirta gwada shi. Saniyar da aka sayo daga kasuwa kuwa, a maimaita mata gwajin bayan wata 4.